KARAYAR GWIWAR HANNU GA YARA: Darasi Domin Iyaye da Masu Lura da Yara

Darasinmu na wannan wata a kan karayar gwiwar hannu ne, wadda ta kan sami yara ƙanana. Kowace shekara idan mangwaro ya nuna, sai a ga yaran da suka faɗo daga itace sun yi yawa a asibiti. Waɗansu kuma daga kan jaki, ko katanga, ko lilo, ko keke su ke faɗowa. Ƙashin yaro ya kan haɗe da sauri, wannan gaskiya ce. Amma karayar gwiwar hannu dabam ta ke da sauran, gama babbar jijiyar jini tana wucewa daidai wurin. Yaro yana iya rasa hannunsa cikin kwana ɗaya ko biyu saboda irin ɗaurin da aka yi masa. Ku da ku ke iya karatu, ku ne maƙwabta su kan tambaya sa'ad da abu ya faru, domin haka ya kamata mu san wannan zance sosai.

1. YADDA GWIWAR HANNUN YARO TA KE

Ƙasusuwa uku ne suka gamu a gwiwar hannu: ƙashin damtse guda ɗaya daga sama, da ƙasusuwa biyu da suka tafi zuwa wuyan hannu. Ƙashin damtse a mulmule ya ke kamar sanda, amma da ya kusa gwiwa sai ya yi faɗi, ya yi sirara, da rami a gabansa da rami a bayansa. Nan ne ya fi rashin ƙarfi, nan ne kuwa ya kan karye. Yara masu shekara 5 zuwa 7 su ne wannan karaya ta fi samu.

A gaban wannan wuri babbar jijiyar jini ta ke bi, wadda ta ke ciyar da hannu tun daga gwiwa har yatsu. Akwai kuma waɗansu jijiyoyi uku, farare kamar igiya, waɗanda ba su ɗauke da jini. Aikinsu shi ne kai saƙo, watau da su hannu ya ke ji, da su kuma yatsu su ke motsi.

Sai mu lura da abu guda kuma. Ƙarshen ƙashin ƙaramin yaro bai gama zama ƙashi ba tukuna, yawancinsa guringuntsi ne. A wurare 6 cikin gwiwa ya ke soma taurara, ɗaya bayan ɗaya, tun yaro yana shekara 1 har ya kai wajen 11 ko 12. Saboda wannan ko likita da ya saba ya kan daɗe yana duban hoton gwiwar yaro, wani lokaci har ya ɗauki hoton ɗaya hannun domin ya gwada su. Abin da ya ke ba mai hoto wuya, ƙaƙa mai lalube da yatsa a bisa kumburi zai gane shi?

2. YADDA KARAYAR TA KE FARUWA

Idan yaro zai faɗi ya kan miƙa hannu domin ya tare ƙasa. Nauyin jikinsa duka sai ya sauka a kan miƙaƙƙen hannu, ƙashin bayan gwiwa ya daki ramin nan kamar yadda gatari ya ke shiga itace. Guntun ƙasa ya tafi baya, bakin guntun sama kuwa, mai kaifi, ya turo gaba cikin nama, daidai inda jijiyoyin su ke.

A shekara ta 1959 wani likitan ƙashi na Amurka mai suna John Gartland ya kasa wannan karaya kashi uku, har yau kuwa likitoci suna aiki da lissafinsa.

Ta fari, ƙashi ya tsage amma bai kauce daga wurinsa ba.

Ta biyu, ƙashi ya karye ta gaba ya tanƙwara, amma bayansa yana haɗe, kamar ɗanyen reshe da aka lanƙwasa.

Ta uku, ƙashi ya rabu biyu sarai, kowane guntu ya kama hanyarsa.

Ta biyu da ta uku su ne karaya mai gocewa. A ta uku gwiwa ta kan kumbura ƙwarai, hannu ya karkace, wani lokaci a ga jini ya taru a ƙarƙashin fata ta gaba, ko a ga fatar ta loma ciki inda ƙashi ya soke ta daga ciki.

Sau da yawa mu kan ji mutane suna cewa, "Ai targaɗe ne kawai, a ja a mayar." Mu sani, gurɗewar gwiwa ba tare da karaya ba abu ne da ba safai ya ke samun ƙaramin yaro ba, gama ƙashinsa ya kan karye tun gaɓar ba ta fita ba. Akwai kuma wata karaya ta gefen waje na gwiwa wadda ba ta kumbura da yawa, har a ce ba kome ba ne. Guntun ya kan zame bayan 'yan kwanaki, ya ƙi haɗewa, hannu ya yi ta karkacewa da shekaru. Domin haka duk yaron da ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura, ya ƙi motsa ta, mu ɗauka karaya ce, sai hoto ya nuna ba ita ba ce.

3. INDA HATSARIN YA KE

Tsokar hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu tana cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa, kamar nama a cikin salka. Bayan karaya jini da ruwa su kan taru a ciki, kumburi kuwa ya kan yi ta ƙaruwa har kwana 2 ko 3. Ɗaurin da ya yi daidai yau da yamma, gobe da safe ya zama matsi. Idan matsi ya yi yawa jini ba ya shiga tsoka, tsokar da ta rasa jini kuwa ta kan soma mutuwa cikin wajen awa 6. Wadda ta mutu ba ta sake rayuwa.

Wani likitan Jamus mai suna Richard von Volkmann ya rubuta labarin wannan cuta a 1881, ya nuna cewa ɗauri mai tsanani shi ke jawo ta, har yanzu da sunansa a ke kiranta. Tsokar da ta mutu ta kan ƙanƙance ta yi tauri, ta janye yatsu su naɗe kamar faratan shaho, wuyan hannu ya tanƙware. Yaro ba zai iya riƙe fartanya ko alƙalami da wannan hannu ba. Idan jini ya yanke gaba ɗaya, yatsu su yi baƙi, hannu ya ruɓe, dafin ya nemi shiga jiki, ba abin da ya rage wa likita sai ya yanke hannun domin ya ceci rai. Likitocin ƙashi na Nijeriya sun sha rubutawa cewa ɗori mai matsi yana cikin manyan dalilan da su ke sa a yanke wa yara hannu a ƙasarmu.

Ga alamun da za su nuna mana jini ba ya isa hannu:

Ciwo yana ƙaruwa maimakon ya ragu, maganin ciwo ba ya kwantar da shi, yaro yana kuka yana juye-juye.

Idan an miƙe masa yatsu a hankali sai ya ƙwala ihu.

Yatsu sun yi sanyi, ko sun yi fari, ko sun soma duhu.

Idan an danna farce ya yi fari, aka saki, jansa bai komo cikin daƙiƙa 2 ba.

Yaro ya ce yatsunsa sun mutu, ko suna yi masa kamar tafiyar kiyashi.

Bororo ya fito a fata kusa da ɗauri.

Alamu biyu na fari su ke riga sauran zuwa. Kada mu jira yatsu su yi baƙi. Kada kuma mu kwanta da rai don mun ji bugun jini a wuyan hannu, gama tsoka tana iya mutuwa jini yana bugawa. Abu mafi ruɗi shi ne, bayan yaro ya kwana yana kuka sai ya yi shiru, iyaye su ce sauƙi ya samu. Wani lokaci shirun nan alama ce jijiyoyin sun mutu.

4. ABIN DA ZA MU YI A SA'AR FARI

Kada a ja hannun, kada a miƙe shi, kada a lanƙwasa shi, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi.

A cire zobe, da awarwaro, da kowane zare da ke hannun tun kumburi bai hana ba.

A nemi kwali mai kauri, a naɗe shi kamar indararo, a shimfiɗa tsumma mai laushi a ciki, a kwantar da hannun yadda yaro ya riƙe shi da kansa. A ɗaure da kallabi sama da gwiwa da ƙasa da ita, sako-sako, yadda yatsan babba zai shiga ƙarƙashin ɗaurin. A bar yatsu a waje domin a riƙa dubansu.

Idan akwai rauni, ko ƙashi ya ɓullo, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a tura ƙashin ciki, kada a zuba toka ko garin magani. Irin wannan yana bukatar wanki a ɗakin tiyata, da allurar rigakafin tetanas.

Kada a ba yaro abinci, ko kunu, ko fura. Mai yiwuwa za a sa shi barci domin aiki, likita kuwa yana son ciki ya yi wajen awa 6 ba abinci. A iya ba shi farasitamol gwargwadon shekarunsa da ɗan kurɓin ruwa.

A riƙe lokacin da ya faɗi, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, gama za a tambaya.

A tafi ran nan, ko da dare ne, zuwa asibitin da ke da na'urar hoton ƙashi da ɗakin tiyata. Idan a kan babur ne, babba ya zauna bayan yaro ya tallafi hannun. Idan ƙaramin asibiti ne kusa, a roƙi takarda zuwa babba. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa na Zariya, da Jos, da Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Galmi a ƙasar Nijar, da waɗansu manyan asibitocin jihohi.

5. ZANCEN ƊORI

Ba mu rubuta wannan domin mu zagi maɗora ba. Sana'ar gado ce, maɗori kuwa yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ya kan yi haƙuri har kaka. Karaya da yawa sun warke a hannunsu, musamman wadda ba ta goce ba, gama jiki ne da kansa ya ke haɗa ƙashi idan an hana shi motsi. Amma hanyar ɗori ita ce a ja, a jera kara ko tsagin gora kewaye da gaɓa, a ɗaure tam, a bari kwanaki. Mun riga mun ga abin da ja ya ke yi wa jijiyar da ke bakin ƙashi mai kaifi, da abin da ɗauri tam ya ke yi wa hannu mai kumbura. Maɗori mai gaskiya, wanda ya ga gwiwar yaro ya ce a tafi asibiti, ya cancanci girmamawa.

Akwai wata hasara kuma ko da hannu bai mutu ba. Idan ƙashi ya haɗe a karkace, yaro ya miƙe hannu sai a ga ya lanƙwaso ciki kamar gindin bindiga. Mutane su kan ce zai miƙe da girma. Ba ya miƙewa. Dalili kuwa, cikin kashi 5 na tsawon da ƙashin damtse ya ke ƙarawa, kashi 4 daga wajen kafaɗa su ke fitowa, 1 kaɗai daga wajen gwiwa, saboda haka gwiwa ba ta da ikon gyara kanta sosai. Ƙashin yaro kuma ya kan soma kamawa cikin mako 1 zuwa 2. Wanda aka kai asibiti bayan ya yi mako 3 a wurin ɗori, ba a iya mayar da nasa da ja, sai dai daga baya a yanka ƙashi a daidaita. Wannan aiki ya fi na fari wuya, ya fi shi tsada nesa.

Mun san ba uba da uwa kaɗai su ke yanke shawara a gida ba. Kaka tana da magana, kawu yana da magana. Waɗansu su kan ce, "Asibiti yanke hannu su ke yi." Bari mu amsa musu da ladabi: yawancin hannun da aka yanke a asibiti ya riga ya mutu kafin a kai shi. Yaron da aka kai ran da ya faɗi, kusan kullum da hannunsa ya ke komowa. Idan kuwa rashin kuɗi ne ya tsai da iyaye, to, wannan nawaya ta dangi ce da maƙwabta. Kuɗin mota da na hoto da aka tara cikin awa ɗaya ya fi gudummawar da za a kai bayan wata guda.

Idan mun tarar an riga an ɗaure yaro, ga kuma ɗaya daga alamun nan, a kwance ɗaurin nan take har fata, a kwantar da hannun cikin kwali, a kama hanya.

6. ABIN DA LIKITA ZAI YI

Zai fara da taɓa bugun jini da duban yatsu. Sa'an nan zai ce wa yaro ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya ɗaga babban yatsa sama, ya kuma buɗe yatsunsa duka. Kowane motsi yana gwada ɗaya daga jijiyoyin nan uku. Wajen yaro 1 cikin 10 masu karaya mai gocewa a kan tarar jijiya ta taɓu, amma galibi ta kan farfaɗo da kanta cikin wata 3 zuwa 6.

Sa'an nan a ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Wani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, shi ya gano hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895.

Idan karaya ta fari ce, filasta kaɗai za a sa, wadda mutane su ke kira siminti, ta yi wajen mako 3.

Idan mai gocewa ce, za a sa yaro barci, ba zai ji kome ba. Likita ya ja hannun a hankali, yana duban ƙashin cikin na'ura, har guntayen su koma mazauninsu. Sa'an nan ya soka wayoyin ƙarfe 2 ko 3 ta cikin fata su riƙe ƙashin, kowace kaurinta bai wuce milimita 2 ba, kamar wayar ƙafar keke. Wani likitan Jamus, Martin Kirschner, shi ya soma aiki da irin wayar nan a 1909. Galibi ba a tsaga fata. A dā sai an lanƙwasa gwiwa ƙwarai kafin ƙashi ya tsaya, lanƙwasar kuwa ta kan matse jijiyar jini. Da waya ba a bukatar haka. A kan sa filasta ta bayan hannu kaɗai, a bar gaba da bandeji domin kumburi ya sami wuri. Ku duba bambancin wannan da ɗaurin da ya kewaye hannu.

Idan hannu ya yi fari ya yi sanyi, aikin na gaggawa ne. Sau da yawa da an mayar da ƙashi sai jini ya komo. In bai komo ba, ko kuwa nama ya shiga tsakanin guntayen, sai a tsaga a gyara. Idan hannu yana da ɗumi, likita yana iya cewa a bari sai da safe, yana dubawa cikin dare. Wannan shawararsa ce, ba tamu ba. A inda babu na'urar nan, a kan tsaga a daidaita, ko a kwantar da yaro a rataye hannun da nauyi mako 2 zuwa 3.

Kada mu ji tsoro cewa ƙarfe zai zauna a jikin yaro. Bayan mako 3 ko 4 a kan zare wayoyin cikin ɗan lokaci kaɗan, galibi ba sai an sa shi barci ba.

7. BAYAN AN KOMO GIDA

Kwana 2 ko 3 na fari a ɗora hannun bisa matashi ya ɗara ƙirji tsawo, yaro ya riƙa motsa yatsu. A duba yatsun safe da rana da dare, har a tashi tsakar dare a haska fitila a duba. Filastar asibiti ma tana iya matsewa. In an ga alama, a koma nan da nan.

Kada filasta ta jiƙe. Kada yaro ya tura tsinke ciki domin ƙaiƙayi. Idan an ji wari, ko mugunya ta ɓullo, ko zazzaɓi ya kama shi, a koma asibiti. A kiyaye ranar da likita ya sa, ko da yaro yana wasa lafiya. A ba shi abinci mai gina jiki, kamar wake, da nono, da ƙwai, da kifi.

Ran da aka cire filasta za a ga gwiwa ta sandare, ba ta miƙewa duka. A nan iyaye da yawa su kan yi kuskure, su sa yaro ɗaukar bokitin ruwa ko na yashi, ko su riƙa jan hannun kowace safiya yana kuka. Tilastawa ta kan sa nama ya yi rauni, wani lokaci har ƙashi ya tsiro cikin tsoka, gwiwa ta daɗa ƙagewa. A bar shi ya ci tuwo da hannun, ya yi wanka, ya sa riga, ya yi wasansa. Yawancin motsi ya kan komo cikin wata 2 ko 3, saura kuwa a hankali har shekara. Hawan itace da ƙwallo da kokawa sai likita ya ba da izini.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Don me karayar gwiwar hannu ta fi sauran karayar yara hatsari?
2. Awa nawa tsoka ta ke jimrewa ba jini?
3. Waɗanne alamu biyu ne su ke fara nuna jini ba ya isa hannu?
4. Don me ba a ba yaro abinci kafin a kai shi asibiti?
5. Me za mu ce wa dattijon da ya ce asibiti yanke hannu su ke yi?
6. Daga garinku, wane asibiti ne mafi kusa mai hoton ƙashi da ɗakin tiyata, nawa ne kuma kuɗin mota?

Muna roƙon kowane mai karatu ya nemi amsar tambaya ta 6 cikin wannan mako, ya rubuta ta a bangon littafinsa. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman iyaye mata da kakanni, da malaman makaranta, gama su ne su ke kusa sa'ad da yaro ya faɗi.